Iyafis ɗin Maman Ngozi

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Baba Dauda ne daga Bukuru. Ƙarar injin haƙar kuza ta kashe mini kunne, shi ya sa nake ƙure rediyo, balle tun da matata ta rasu. Bango ɗaya ne tsakanina da maƙwabciyata Maman Ngozi. Kullum sai ta buga ƙofata: "Baba, ka rage mana, jariri yana barci!" Mu yi ta cacar baki, daga ƙarshe ta tambaye ni ko na ci abinci. Kwanan baya ta sayo mini iyafis na maƙala a kunne, rigima ta mutu. Yanzu ina jin ku garau, amma ba mai buga ƙofata. Jama'a, ku ba ni shawara, ko in cire abin nan ne?