Inna Ta Yi Shiru a Majami'a

"Ba za mu canza Littafin da tsofaffi suka haddace ba sai mun zauna da su." Fasto, bakinka ne ya faɗi haka bara, a gaban jama'a.

Mai gabatar da shiri, barka da aiki. Ni ce Saratu daga Gazawa. Watan jiya muka tarar da sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki a kan bencina, tsofaffin littattafan kuwa an kulle su a akwati. Innata ba ta gani, da ka take karatunta. Aka fara Zabura, ta kama yadda ta sani, jama'a suka bi wata hanya. Sai ta yi shiru. Shekara hamsin ban taɓa ganin bakinta a rufe wurin sujada ba.

Na koma gida a fusace, na jera tsohon Littafinmu na gida da sabon, kwana uku ina karanta mata. Kalmomi sun sauya, amma maganar tana nan daram. Inna ta ce, "Saratu, Shi ne dai, na gane muryarsa." Yanzu na yarda jikokina ma za su karanta da wata Hausar, kuma ba na tsoro.

Amma Fasto, wa ka zaunar ka karanta masa? Na ba ka Lahadi biyu ka buɗe akwatin, ka tara tsofaffi. In ba ka yi ba, ana tashi sujada zan shimfiɗa musu tabarma a ƙofar majami'a, in karanta musu da kaina.