Wasan da Babban Ɗana Yake Gudu

Jama'a, kafin in gaishe ku bari in gargaɗe ku. Duk wanda ya shigo zauren nan yana zaton zan rufa wa ɗana asiri don shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta wannan kwaleji, to ya gyara zama. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Zan taɓa ɗana, zan taɓa koci, zan taɓa kwamiti, kuma kafin in sauka zan taɓa kaina, don nawa laifin ya fi na kowa nauyi.

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban kwaleji da mataimakansa, 'yan kwamitin wasanni da za su kaɗa ƙuri'a yau, malam koci, malamai maza da mata, tsofaffin ɗalibai, 'yan'uwana iyaye, 'ya'yana 'yan wasa da kuka jeru can baya kuna jin kamar ƙasa ta tsage ku shige, da sauran jama'a baki ɗaya, ina yi muku sallama irin ta mutunci: assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni minti goma, alhali ni ba malama ba ce, ba 'yar kwamiti ba ce, karatuna ma a sakandare ya tsaya. Ni tela ce. Shekara tara ke nan ni nake ɗinka lambobi a bayan rigunan 'yan wasanku. In rigunan sun tsufa kun ba da su kyauta ga makarantar koyon sana'a da ke bayan tashar mota, ni ce dai nake warware tsohuwar lamba in ɗinka sabuwa. Saboda haka na san ƙungiyoyin nan biyu ta baya, inda zufa take taruwa.

Ga abin da ya tara mu. Shekara goma sha huɗu, kowace shekara kwalejin nan tana buga wasa ɗaya da waccan ƙaramar makaranta. Bana an kawo wa kwamiti takarda ana neman a cire wasan daga jadawali. Na karanta takardar tun kafin ku karanta, don a aljihun wandon ɗana na tsinci kwafinta ranar wanki, ta jiƙe sharkaf. Na shanya ta, na goge ta, ga ta nan a hannuna. Mutum goma sha biyu suka sa hannu, kuma hannun farko nasa ne.

Ina da 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne wanda kuke kira Tsani saboda tsawonsa. Ƙaramin, Auta, yana koyon gyaran wutar lantarki a waccan makarantar, kuma shi ma yana cikin ƙungiyarsu. Rigar da yake sawa tsohuwar rigar yayansa ce. In kun duba bayanta da kyau za ku ga sawun allura inda lambar Tsani ta taɓa zama.

Takardar ta kawo hujja uku, kuma ba zan raina ko ɗaya ba.

Hujja ta farko ita ce filin. An ce filin waccan makarantar siminti ne tsagagge, babu rufi, wanda ya faɗi a kansa sai ya bar fata. Wannan gaskiya ce. Ni nake wanke jinin gwiwa daga wanduna, ba sai an ba ni labari ba. Malam koci, a nan ina bayanka, amanar 'ya'yan mutane ce a hannunka. Amma wanda ya ga rami a hanya kewaye shi yake yi, ba ya fasa tafiyar. Kuna da zaure mai katako da fitilu. Ku buɗe musu ƙofa su zo nan a buga. Kuma ina tuna muku, cikin goma sha biyun da suka sa hannu, bakwai a kan wannan tsagaggen simintin suka koyi riƙe ƙwallo suna yara, don mai gadin makarantar ba ya korar kowa da yamma. Simintin da ya raine ku yau shi ne abin ƙyama?

Hujja ta biyu ta fi nauyi. An ce in kwaleji ta ci ƙaramar makaranta ba wanda zai yaba, sai a ce dama ai dole ne. In kuwa aka cinye ta, matsayinta ya faɗi, manyan ƙungiyoyi su daina kallonta. Wato riba babu, asara akwai. Na zauna a kan keken ɗinkina na juya wannan magana kwana biyu, kuma na yarda lissafin daidai ne. Sai dai ina da tambaya ga kwamiti. Bara waccan ba ku ne kuka rubuta wa babbar jami'a wasiƙa har sau uku kuna roƙon su ba ku wasa ɗaya ba? Me suka amsa muku? Tsani ya dawo gida a ranar yana huci, ya ce mini: "Umma, wai ba sa wasa da ƙanana, wai ba abin da za su ƙaru da shi. Tsoro ne kawai suke ji." Haka ya faɗa, da bakinsa, a tsakar gidana. To, 'ya'yana, kalmomin da aka mare ku da su, su ne kuka kwafa kuka sa wa hannu. In a bakin jami'a sunansa tsoro, a bakinku mene ne sunansa?

Hujja ta uku ta ce ranar za ta fi amfani in an yi atisaye. Wannan ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Shekara tana da kwana fiye da ɗari uku. Ba don ƙarancin rana aka rubuta takardar nan ba.

Abin da ya sa aka rubuta ta ba ya cikinta, amma kowa a zauren nan ya san shi. Bara, karon farko cikin shekara goma sha huɗu, ƙaramar makaranta ta ci kwaleji da maki ɗaya. Saura daƙiƙa takwas a tashi, ƙwallo tana hannun kyaftin ɗinku, wani gajere ya kutso ta ƙarƙashin hannunsa ya zare ta, ya ruga ya jefa a kwando. Gajeren nan Auta ne. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, ni tela na fi kowa sani.

Ku kun ga wasa. Ni abin da na gani daban ne, kuma a nan zan hau kan nawa laifin, don an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Tun suna ƙanana, babansu, wanda mai walda ne, ya lanƙwasa ƙarfe ya yi musu zoben jefa ƙwallo, ya kafe a bangon tsakar gida kusa da igiyar shanya. Ga baban nasu can a kujerar ƙarshe yana kallon silin kamar bai san ni ba. Kullum da la'asar sai su fito su buga su biyu. Babban yana da zuciya. In ƙanensa ya wuce shi da maki sai ya jefar da ƙwallo, ya buga ƙofa, ya ƙi cin abinci. Ni kuwa ina kan keke, ga ɗinkin mutane ana jira, ba na son hayaniya. Sai in ɗaga murya in ce: "Auta, bar masa, yayanka ne." Sai yaron ya jefa ƙwallon gefe da gangan. Gida ya yi shiru, keke ya ci gaba da juyawa, ni kuma ina ganin na koya wa ƙarami ladabi.

Babansu ya sha yi mini magana. Yakan ce ina zaton ƙaramin nake ƙwara, alhali babban nake cuta. Nakan ce masa ya ji da ƙarfensa ya bar mini tarbiyya. Shekara fiye da goma ina maimaita kalmomin nan biyu, bar masa, bar masa, har suka zama kamar ƙa'idar wasan.

Ranar wancan wasa ina zaune a layi na biyu. Da Auta ya zare ƙwallon, Tsani bai bi shi ba. Ku tambayi koci, yana da hoton wasan. Ya tsaya cak, ya juyo ya dube ni. Ƙato mai shekara ashirin da biyu, a gaban jama'a, yana jiran uwarsa ta ce a bar masa. Shi ma Auta da ya isa ƙarƙashin kwando ya ɗan dakata, ya waiwayo inda nake. Ban ce komai ba. Ba don hikima ba, bakina ne ya mutu. Sai ya jefa.

Da yamma Auta ya shigo shagona, bai ko cire rigar wasan ba. Abokansa suna can suna ɗaga juna sama, shi kuwa ya durƙusa gefen keke ya ce: "Umma, ki ba Yaya haƙuri. Wallahi ban yi niyya ba, hannuna ne ya riga ni."

Iyaye 'yan'uwana, ku auna wannan. Yaro ya yi aikin da kocinsa ya sa shi, ya yi shi da kyau, ya zo yana neman gafara. A ranar na san abin da na shuka. Ɗaya na koya masa cewa nasara a kan babba laifi ce. Ɗayan na koya masa cewa faɗuwa a hannun ƙarami abu ne da ake kiran uwa ta hana.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan 'ya'yana ba su ci abinci a kwano ɗaya ba. Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. In wannan ya shigo, wancan ya tuna yana da aiki a waje. Zoben da ke bango ya yi tsatsa, har na fara rataye tsumma a kansa. Ina ta sa rai cewa wasan bana zai haɗa su, ko Tsani ya rama ko ya sake faɗuwa ya ga bai mutu ba. Sai ga wannan takarda.

Mai girma shugaban taro, 'yan kwamiti, ku dubi abin da ake roƙonku. Ana roƙonku ku yi wa ƙungiya guda abin da na yi wa ɗa guda. Ana so ku leƙa ta kan katanga ku ce wa ƙaramar makaranta: bar masa, yayanka ne. Ni na gwada wannan magani shekara fiye da goma, ga sakamakonsa a hannuna, a goge. In kun cire wasan, matsayinku zai tsira, ban musa ba. Amma za ku yaye samari goma sha biyu da suka koyi cewa in na ƙasa da kai ya fi ka sau ɗaya, sai ka rufe masa ƙofa. Gobe su ne shugabannin ofis, su ne masu gida. Ranar da ƙaramin ma'aikaci ya gyara musu kuskure, ranar da ƙane ya fi su gaskiya, me kuke zaton za su yi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nawa ya fara bushewa, amma bai karye ba tukuna.

Kuma kada ku ɗauka alfarma kuke yi wa waccan makarantar. Ba ƙungiyar da take shirya muku kamar su. Manyan ƙungiyoyi suna zuwa su buga su tafi, ba su san sunan kowa ba. Waɗannan kuwa sun san wanda hannun hagunsa ba ya aiki, sun san wanda yake gajiya a zango na uku, don tare kuka tashi. Wanda ya san rauninka ya nuna maka shi a gida ya fi wanda zai nuna maka shi a bainar duniya.

Roƙona ke nan: ku bar wasan a jadawali, ku kawo shi zauren nan, ku buga da dukan ƙarfinku. In kun ci su da maki arba'in, wannan ma girmamawa ce.

Tsani, ɗago kanka ka dube ni. Wannan karon ni nake kiranka. Ba zan ce ka janye hannunka daga takarda ba, hannunka ne, kai ka san abin da za ka yi da shi kafin a kaɗa ƙuri'a. Ni ce na fara yi maka ba daidai ba, kuma na faɗa a gaban jama'a don kada ka ce kai kaɗai na tona. Ka yafe mini. Ƙanenka ma ina roƙon ya yafe mini.

Allah ya ba kwamiti ikon yanke abin da ya fi alheri. Allah ya ɗaukaka wannan kwaleji, ya ɗaukaka maƙwabciyarta. Allah ya tsare ƙafafun 'ya'yanmu da gwiwoyinsu, ya cire musu girman kai, ya ba mu iyaye ikon gyara abin da muka ɓata da hannunmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ku hukuncinku yana hannunku. Nawa na riga na yanke. Jiya na cire tsumman daga zoben, babansu ya kankare tsatsar ya shafa fenti, bai ce mini "na faɗa miki" ba, Allah ya saka masa. Daga yau a gidana babu "bar masa". Duk wanda ɗan'uwansa ya kira shi tsakar gida zai fito, babba ne ko ƙarami. Wanda aka cinye shi zai wanke rigunan biyu da hannunsa ya shanya. Wanda ya ci ba zai nemi gafara ba. Bayan nan kwano ɗaya zan ajiye, wanda ya ƙi zama kusa da ɗan'uwansa ya ƙoshi ke nan.

Na gode.