Baba Ya Tsallake Ni a Rabon Gona

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Sabi'u, daga wani ƙauye kusa da Bunkure.

Tun ina aji uku malamai suka ce kaina yana ja. Daga nan Baba ya hana ni shiga gona. Yayyena suna dashen shinkafa cikin taɓo, ni ina inuwa da littafi, kowa yana kirana Likita. Sau uku ina zana jarrabawar shiga jami'a ban samu makin likitanci ba. Hedimastanmu da a da yake kai ni gasar makarantu ma ya daina ɗaukar wayata.

Bara Baba ya raba wa 'ya'yansa gonar noman rani, ya tsallake ni. Na ce, "Baba, ni fa?" Ya ce, "Kai da ko fartanya ba ka iya riƙewa ba?"

Wallahi Malam, shi ya raba ni da ita. Yau shekarata talatin da biyu, ko tambaya aka yi mini sai gabana ya faɗi don tsoron kuskure.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in faɗa masa abin da ke raina, ko in haɗiye tunda mahaifi ne?