Saƙon da Bai Tashi Daga Dutsen Tavani Ba

Kafin in gai da kowa, ga kacici-kacici, ku riƙe min shi. Mene ne abin da yake da baki talatin da takwas, ba shi da ƙafa ko ɗaya, ya hau dutse cikinsa cike da magana, ya sauko cike da wata maganar, amma shi kansa bai taɓa cewa uffan ba? Kada wanda ya amsa. Fasto, na ga leɓenka yana motsi, haɗiye ta. Ni zan faɗa idan na gama.

Mai girma Cif Narewo, uban wannan ƙasa, da dattawan da ke zaune a gefensa, Fasto Obed da dattawan ikilisiya, baƙonmu Mista Garae, wanda gwamnati ta aiko daga Vila, babban birninmu, wanda kuma teku ta karɓe abincin cikinsa jiya a kwale-kwale, sannu da wahala, Sista Rolin ta ɗakin shan magani, shugaban makaranta, dangin uwar mamaci da suka zo da tabarmi da doya, 'yata Leimara, matar marigayi, 'ya'yansa mata uku, ɗansa Kalmet da ke can baya jikin ginshiƙi, jama'ar Worasule, maza da mata: na gaishe ku.

Ni ce Leisongi, ƙanwar mahaifiyar Seule Kalotap. Aji uku na yi a makarantar mishan, aka ce bakina ya fi fensirina gudu. Yau kwana ɗari da muka rufe Seule. Ni na goye shi a wannan bayan da ya ranƙwafe, shi ya kamata ya tsaya nan ya yi ƙarya a kaina, ya ce ni mai haƙuri ce. To, Allah bai tsara haka ba.

Ya kasance mai riƙe da oba-obar ɗakin shan magani shekara goma sha tara. Safe da yamma yana zaune gabanta, yana kiran babban tsibiri. Ta bakinsa muke jin guguwa na tafe, ta bakinsa ake kiran jirgi idan haihuwa ta zo da gardama. Rabin mutanen da ke zaune a nan, muryar Seule ce ta riga su isa asibiti.

Sai gwamnati ta ce ta buɗe kasuwar waya, kamfanoni su zo su yi gasa, talaka ya huta. Aka kafa ƙarfen sabis a babban tsibiri, can ƙetaren ruwa. Wasu samari masu takalma suka zo suka kwance oba-obarmu, suka ce zamaninta ya wuce, yanzu kowa asibitinsa na aljihunsa. Muka sayar da kwakwa da saiwar kava da ake jiƙawa a sha, muka sayi wayoyi. Muka kunna. Shiru. A ranar ne na tambayi ɗaya daga cikin samarin, ya ce min dokar ta ce mutum casa'in da takwas cikin ɗari za su samu sabis. Na ce masa, “Ɗana, sauran biyun fa, ina za a kai su?” Ya yi dariya. Ashe da biyun nan yake magana, mu ke nan.

Seule ne ya gano wurin da sabis yake kamawa. Ya hau Tavani neman aladen daji, wayar shugaban makaranta na wancan lokacin tana cikin jakarsa don ya ce a duba masa ita, sai ta yi kuka a gindin wata bishiya. Ya ce saura kaɗan ya jefar da jakar ya ruga. Tun daga ranar muke kiran gindin bishiyar nan Ofis.

Ya kasance yana hawa Ofis ran Litinin da Laraba da Juma'a, shekara goma sha ɗaya. Mista Garae, bari in gaya maka yadda ake yi, don babu shi a takardunku. Mu yi caji a solar coci. Kowa ya shiga ɗakinsa ya faɗa wa wayarsa abin da zai faɗa wa ɗansa, ya naɗe ta a ƙyallen tsohon zanensa don kada a rikita. Bayan addu'ar safe Seule ya bi gida-gida ya tattara. Tafiyar awa biyu. Ya shimfiɗa ƙyallayen, ya kunna wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zauna yana kallon ɗan agogon nan da ke gefen saƙo har ya koma maki irin na malamin makaranta. Maki ya fito, magana ta tafi. Ya jira na can su shigo, ya naɗe, ya sauko. Shi kansa bai taɓa mallakar waya ba. Ya ce mai ɗaukar talatin da takwas, me zai yi da ta talatin da tara?

Ya kasance ba ya saurarar saƙon kowa, ba ya karanta na kowa. Ni ban yarda ba, don na san kaina. Na gwada shi. Na aika wa 'yata a Vila saƙo na ce ƙafafun Seule kamar na ƙaguwa, kansa kamar kwakwar da ɓera ya fara, kuma Leimara haƙuri kawai take yi. Sau uku ina yi, ina ƙara gishiri. Ya kawo min wayata ya ce, “Inna, ga taki,” fuskarsa sumul. Sai da na gaji na faɗa masa da bakina. Ya dubi ƙafafunsa ya ce, “Ƙaguwar ce dai ke kai miki gulmarki.”

Ku yi dariyar, ba laifi. Daga nan babu sauran abin dariya.

Samarinmu suka fara tafiya tsinkar tuffa da inabi a Niu Silan da Ostireliya, wata bakwai, wata tara. Muka rubuta takarda muna roƙon a kafa mana namu ƙarfen. Amsa ta zo cewa mun yi kaɗan, kamfani ba zai fita ba. Da suna gida ba ma buƙatar waya. Da suka tafi muka buƙace ta, sai aka ƙirga mu aka ce ba mu kai ba. Guguwa ta kayar da ƙarfen babban tsibiri, aka tayar da shi, amma aka juya fuskarsa wajen otal-otal na baƙi. Sabis ya bar gindin bishiya ya ƙara sama. Seule ya bi shi. Awa biyu ta zama uku, shi kuma gwiwa ta fara magana.

Bara Mista Garae ya zo da taswira, ya baza ta a nan inda nake tsaye. Duk inda ke da sabis an shafa masa kore. Muka leƙa, sai ga tsibirinmu kore shar, kamar ganyen gwaza. Cif ya ce yaya haka? Baƙonmu ya ce shi ba ya ƙarya, na'ura ce ta nuna: wayoyi talatin da takwas daga Worasule suna hawa layi sau uku a mako. Saboda haka an cire mu daga jerin masu jira. Ban ce ka yi ƙarya ba, ɗana. Na'urarku ta ga wayoyi, ba ta ga ƙafar da ta kai su ba.

Yanzu na zo kanka, Kalmet. Ɗago kanka, kakarka ce ke magana. Jama'a duk sun san abin da ya faru, don a tsakar gida kuka yi shi, ni ma ina bayan dangar ina tsinkar kabewar da ba ta nuna ba. Ka ce wa ubanka ya daina hawa. Ka ce muddin yana hawa, koren nan ba zai goge ba, kuma ya zama ɗan dakon kamfani marar ko na gode. Shi kuma ya ce idan ya daina, wa zai gaya wa tsohuwa Leipakoa cewa ɗanta yana raye? Magana ta yi zafi. Ya ce maka, “Idan ka tafi, kada muryarka ta sake shiga jakata.” Ka tafi aikin gonar ƙetare, ka riƙe masa maganarsa. Wata biyar wayar uwarka tana hawa tana saukowa, babu kai a ciki. Leimara ta riƙa kwance ƙyallenta a bayan madafa don kada ya ga fuskarta.

Ranar Laraba ce ya hau bai sauko ba. Washegari da safe maza suka bi sawunsa. Ba ya gindin bishiya, ba ya sabon wurin. Can suka same shi a ƙoli, kan tsiraran duwatsun da ko akuya ba ta zuwa, a zaune, ya jingina. Ya shimfiɗa ƙyallayen a jere, kowace waya a kan nata, duk a kunne, duk da ɗan agogo. Sista Rolin ta ce zuciya ce. Mutum mai shekara sittin da uku ya yi ta hawa yana neman abin da aka riga aka kashe tun ran Litinin da yamma.

Kamfani ya rufe tsohon layin, ya koma sabo, wanda ya fi sauri amma ba ya ƙetare ruwa. Kuma sun sanar, kada a ce ban yi musu adalci ba. Sun aiko da sanarwa a rubuce, sau huɗu, cikin kowace waya. Mu masu wayoyin murya muke saurara. Rubutun kamfani talla muke ɗaukarsa, mu wuce. Mutum ɗaya da zai karanta ya gane, shi ne wanda ya rantse ba zai leƙa wayar kowa ba. Sanarwar tana goye a bayansa, talatin da takwas sau huɗu, yana hawa da ita.

Kwana uku teku ba ta bar kwale-kwale ya fita ba, sannan aka kai labari inda za a buga wa Kalmet. Mun riga mun rufe Seule. Mai gonar da Kalmet ke wa aiki kuma ya ce wanda ya tafi kafin ƙarshen kaka ba zai dawo ba. Sai jiya ya iso. Bai je kabari ba, bai ci laplap, gasasshen tuwon doyar uwarsa ba, kuma na ji ya riga ya kama wuri a kwale-kwalen ran Alhamis.

Leimara, 'yata, kin yi kwana ɗari a kan tabarma, yau za ki tashi. Ba mu da abin da za mu biya ki. Mun ci ƙafar mijinki, dukanmu, har da ni mai aika gulma. Mun san gwiwarsa, mun ji numfashinsa idan ya sauko, amma da safe muka miƙa masa ƙyallayenmu. Kada mu ɗora wa Vila duka kayan, mu ma mu ɗauki namu ƙunshin.

Mista Garae, an ce ka zo da albishir na wani faranti da ke kama magana daga sama, ana jiran a sa hannu a lasisi. Allah ya sa. Mu ba mu ƙi ba. Amma kafin farantin, abu ɗaya muke roƙo, kuma ba ya cin kuɗi ko vatu ɗaya. Idan ka koma, ka buɗe taswirar nan, ka goge mana koren. Ka mai da mu cikin biyun nan marasa sabis. Wanda ƙafarsa ta shafa mana shi ya mutu.

Kalmet, ban gama da kai ba. Ran Talata, jajibirin hawansa na ƙarshe, ubanka ya shigo gidana ya zauna yana ta murza hula. Ya ce, “Inna, ara min wayarki.” Na ce mai talatin da takwas ne ke aro? Ya ce ta Leimara ba ta yi, idan ba ka amsa ba za ta ji ciwo sau biyu. Na nemo masa sunanka, na nuna masa inda ake dannawa, don shekara goma sha ɗaya yana kai saƙo bai taɓa aikawa ba. Ya ce in fita. Na fita. Amma ni ba Seule ba ce, na manna kunne a jikin bango. Kalma biyu na ji kafin kunya ta kore ni, ni da ba a san ni da ita ba. Cewa ya yi, “Ɗana, gaskiyarka.”

Sauran ban ji ba, kuma ban kunna ba. Minti huɗu ne. Kwana ɗari ina kai wayar nan coci ina caji, ban bar kowa ya taɓa ta ba. Ga ta a cikin ƙyallenta, ɗan agogon yana nan a gefen saƙon. Wannan shi ya kai shi ƙoli ranar. Daga inda nake zuwa ginshiƙin nan bai fi taku ashirin ba, amma ƙafata ba za ta kai ba, kuma ba ni da ɗan aike kuma. Taso.

Ku buɗa masa hanya. Haka. Riƙe da hannu biyu, ɗan nema, kada ka fasa min. Ba a nan za ka kunna ba. Ka kama hannun uwarka ku je inda yake kwance, ku ji tare. Maganar kwale-kwalen ran Alhamis kuma, sai ka dawo.

Na gode wa Cif da ya ba tsohuwa fili. Na gode wa matan da suka kwana biyu a kan duwatsun gashi, da mazan da suka sauko da shi daga Tavani a kafaɗa, da dangin da suka ƙetaro ruwa. Abinci yana nan, kada kowa ya tafi da yunwa, har baƙonmu, cikinsa ai babu komai.

Ya Ubangiji, Kai da kake ji ba tare da an hau dutse ba, ka karɓi bawanka Seule, ka hutar da ƙafafunsa. Ka riƙe Leimara da 'ya'yanta. Ka tsare namu da ke gonakin mutane, waɗanda yau kwana ɗari ba mu ji muryarsu ba. Ka buɗe idon masu riƙe da alƙalami. Cikin sunan Yesu, amin.

Amsar kacici-kacicin kuwa, jakar Seule ce. Tana rataye a bayan ƙofarsa, babu komai a cikinta.