Ƙashin Kifi a Gindin Rijiya

A tashar Tanout, Jika maginin rijiya ya miƙa wani dutse ga tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake ce wa Mushe.

"Mushe, dubi, ƙashin kifi ne a ciki. Sai da na sauka gaba arba'in na same shi. Tun ranar na kasa komawa, ga garke uku na jiran ruwa."

"Teku ce ta taɓa kwanciya a nan. Ƙasa ta ɗago, ruwa ya janye."

"Me ya ɗaga ta?"

"Zafin da Allah ya ajiye a cikinta. Ka san ɓawon da kunu ke yi in ya fara hucewa? A kan irinsa muke zaune. Yana tafiya, yana tsagewa."

"Har yanzu?"

"Har yanzu, amma a hankali, kamar tsirowar farce. Mai ilimi ba ya tsoron wannan."

"Mai ilimi ba ya shiga rijiya."

Jika ya karɓi dutsensa, ya daɗe yana kallon ƙasar da ke tsakanin ƙafafunsa.

"Gobe dole in sauka, Mushe. Da ma ka ce mini aljani ne. Shi ina da layarsa."