Famfon Jirgin Suruki

A layin wani shagon kayan gyara a Setapak, lokacin kullen korona, Na'Allah ya ji na gabansa yana waya da Hausa, riƙe da wani ƙarfe mai tsatsa. Yana gamawa ya yi masa sallama.

"Malam, wannan na mota ne?"

"Na jirgin ruwa ne. Famfon da ke jawo ruwan teku ya sanyaya inji. Robarsa ta cinye, yana yoyo."

"Jirgi! Naka?"

"Na surukina ne, ɗan ƙasar nan. Tunda ba a hana kamun kifi ba, kullum ina bakin teku a Klang."

Na'Allah, wanda ya yi watanni yana kallon bangon ɗaki, ya taɓe baki a cikin takunkumi.

"Wasu dai da sa'a suka zo ƙasar nan. Amma gishiri ne fa, ko ka gyara zai sake cinye ta."

"Allah ya sa! Ai da gangan nake sayen roba mai arha. Ran da ya daina yoyo, gida zan zauna kamar kowa."

Layi ya matsa, Na'Allah ya ƙara matsowa kusa da shi.

"To, surukin nan naka, 'yarsa ɗaya ce?"