Abin da fim ɗin madugu bai nuna ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Alhaji Mamman, tsohon direban kamiyo, wato babbar motar kaya, daga unguwar Sotega a Libreville. Ban yi boko ba, ɗiyata ce ke rubuta mini.

Ran Lahadi muka kalli wani fim a tele kan madugun 'yan tawayen arewacin Nijar. An nuno shi ya tare direbobi cikin hamada, yana ba su ruwa da hannunsa. Isufu, ɗan ƙanena marigayi Sani, ya ce, "Kai, Baba, wannan namiji ne!" Kashegari ya manna hotonsa a taksinsa.

To, ruwan nan gaskiya ne, ni ma na sha. Amma daga nan fim ya yanke. Bai nuna sun tafi da motarmu sun bar mu a ƙafa ni da Sani ba. Kwana biyu muna tafiya, Sani ya faɗi ya rasu, na rufe shi da hannuna. Isufu yana cikin ciki a lokacin, daga baya sai muka ce masa hatsari ne, don kada ya tashi da ƙiyayya.

Ɗiyata ta ce in bar maganar, na ƙi. Masu sauraro, ku ba ni shawara, mun yi kuskure da muka ɓoye?

Isufu, na san kana jin shirin nan a bakin aiki. Ban ce ka cire hoto ba, ɗana. Ka dai zo gida, akwai na ubanka a akwatina, ka samo masa wuri.